Risalar Awon Jarumta da Mita, Bisa Misalin Manoman Inabi na Kwarin Aosta

Muƙaddima

Bayan haka, ka sani, ya kai mai neman ilimi, magabata sun bar mana labarin jarumai da yawa, amma ba su bar mana abin awon jarumta ba. Sukan ce wane namiji ne, wane kuwa matsoraci, ba tare da sun faɗi a kamu na nawa tsoro yake ƙarewa ƙarfin hali ya fara ba. Mutanen Italiya ne suka cike wannan giɓi. A shekarar 1987 aka kafa wata cibiya mai suna CERVIM a yankin Kwarin Aosta domin nazarin noman inabi a kan duwatsu, ita kuma ta shimfiɗa sharuɗɗan abin da ake kira noman jarumta. Gwamnatin ƙasar ta sa maganar cikin dokar inabi ta 2016, sannan a ranar 30 ga Yuni, 2020, ta fitar da ƙa'idojin aiki da ita dalla-dalla. Tun daga ranar, jarumta ta zama abin da ma'aikacin safiyo zai iya tabbatarwa kafin azahar.

Manufar wannan risala abu uku ce: bayyana sharuɗɗan, rarraba jaruman gida-gida, da warware mas'alolin da suka taso a kan iyaka.

Tanbihi: giya ake yi da wannan inabi, hukuncin shanta kuwa sananne ne a littattafan fiƙihu, ba shi cikin abin da muka zo tattaunawa. Bahasinmu ya taƙaita ga abin da yake samun gwiwar mutum kafin inabi ya isa wurin matsa.

Babi na Ɗaya: Ta'arifin Wurin

Kwarin Aosta shi ne mafi ƙanƙanta cikin yankuna ashirin na Italiya. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 3,260 da 'yan kai ba, mutanensa kuma dubu ɗari da ashirin da wani abu ne. Yana arewa maso yamma, Faransa na yamma da shi, Suwizalan na arewa, harsunan hukuma kuwa biyu ne, Italiyanci da Faransanci. Manyan tsaunuka sun kewaye shi, babbansu Mont Blanc mai tsayin mita 4,800 da ɗoriya. Kogin Dora Baltea ya ratsa tsakiya, a gefensa kuma Rumawa suka kafa birnin Aosta shekara 25 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi.

Mutanen wurin sun kasa ƙasarsu kashi biyu bisa rabon rana. Ɓarin da ya fuskanci kudu, wanda rana take wuni a kansa, suna ce masa adret. Ɓarin da yake cikin inuwar dutse suna ce masa envers. Galibin inabi a ɓarin rana yake. Tsakiyar kwarin kuma ba ta samun ruwan sama sosai, domin tsaunuka sun tare hadari ta kowace fuska, shi ya sa tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce aka haƙa magudanai da ake kira ru, masu janyo ruwan narkakkiyar ƙanƙara zuwa gonaki. Ke nan wuri ne da ƙanƙara take bisa kan manomi, ƙishirwa kuma take ƙarƙashin ƙafarsa.

Fa'ida: ɗan filin da yake a shimfiɗe a ƙasan kwarin, kogi da hanyar mota da layin dogo da gidaje da makiyayar shanu sun riga sun raba shi a tsakaninsu. Abin da ya ragu wa inabi shi ne jikin dutse. Wannan ita ce illar farko ta jarumta, wato rashin wurin zama.

Babi na Biyu: Sharuɗɗan Jarumta

Sharuɗɗan huɗu ne, ɗaya daga cikinsu ya wadatar.

1. Tsayi. Gona ta zarce mita 500 daga doron teku. An togace wadda take kan shimfiɗaɗɗen tudu, domin hawa sama ba tare da yiwuwar gangarowa ba zama ne kawai a wuri mai sanyi.

2. Gangara. Karkatar ƙasa ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Ma'anarsa, duk mita ɗari da ka ci gaba, ka hau sama da mita talatin. Alamarta a aikace ita ce, idan kwando ya kuɓuce maka, maƙwabcinka na ƙasa ne zai ba ka labarinsa.

3. Dakali. A shuka inabin a kan dakalai hawa-hawa da aka yanka a jikin dutse.

4. Tsibiri. Gonar ta kasance a ƙaramin tsibirin da bai kai murabba'in kilomita 250 ba.

Sharaɗi na huɗu bai shafi Kwarin Aosta ba, saboda rashin teku. Idan wani ya shuka kuranga a kan yashin da ya taso a tsakiyar kogi da rani, ya ce ai ruwa ya kewaye shi kuma bai kai kilomita 250 ba, ra'ayinmu shi ne a jira damina. In ya wanzu a duba maganarsa, in ruwa ya tafi da shi mas'ala ta warware kanta.

Babi na Uku: Rabe-raben Jarumai

Bincike ya nuna jaruman kwarin gida uku ne, gwargwadon gaɓar da take shan wuya.

Gida na farko: Masu rarrafe. Su ne mutanen Morgex da La Salle, a can ƙuryar kwarin, gindin Mont Blanc. Gonakinsu suna tsakanin mita 900 da 1,200, suna cikin mafiya tsayi a duk Turai. Irin da suke shukawa farin inabi ne mai suna Prié Blanc, wanda yake jinkirin toho har sanyin bazara ya wuce, ya kuma yi saurin nuna kafin ƙanƙara ta sauko. Ba sa barin kurangar ta miƙe. Ƙaramar rumfa suke yi mata, wadda a wurare da yawa ba ta wuce ƙugun mutum ba, domin ta sha ɗumin da ƙasa da duwatsu suka tara da rana, ta kuma tsira daga iska da nauyin dusar ƙanƙara. Nonnan inabin a ƙarƙashin rumfar suke reto. Mai girbi sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya kutsa ciki da almakashi, ganye na shafar ƙeyarsa, tsakuwa na cizon gwiwarsa, yana jan akwati a bayansa. Mai wucewa ta hanya ba abin da zai hango na jarumin sai tafin takalminsa.

A nan akwai abin lura. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye saiwar inabin Turai. Maganin da aka samu shi ne a yi wa kowace kuranga aure da saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa. Kusan duk inabin Turai na yau ɗan aure ne. Prié Blanc kuwa, saboda tsayi da sanyi da yashin ƙasarsa, ƙwaron bai ci galabarsa ba, don haka har gobe a kan saiwarsa yake tsaye, ba a taɓa kai masa lefe ko'ina ba. In ana son sabuwar kuranga, akan lanƙwasa reshen tsohuwa a binne shi har ya yi saiwa.

Gida na biyu: Masu hawa. Su ne mutanen Donnas, a bakin kwarin ta wajen yankin Fiyamonte. Garin nasu bai kai mita 400 ba, saboda haka ta ƙofar tsayi ba su da shiga, sai suka shiga ta ƙofar gangara da ta dakali a lokaci guda. Kakanninsu sun jera duwatsu ba siminti, bango bisa bango, suka cika bayansa da ƙasar da aka ɗauko a baya. Rumfunansu dogaye ne, mutum yana tsayawa a ƙarƙashinsu. Irinsu baƙin inabi ne, Nebbiolo, wanda su suke kira Picotendro, kuma giyarsu ce ta fara samun shaidar asali ta hukuma a yankin, a 1971. Wahalar wannan gida a cinya da ƙafaɗa take, domin duk abin da gona take bukata hawa yake yi, duk abin da ta bayar sauka yake yi, ƙasar da ruwan sama ya zaizaye kuma ana bin ta a mayar da ita inda ta fito.

Gida na uku: Masu gasuwa. Su ne mutanen Arvier, a tsakiyar kwarin. Gonakinsu suna cikin wani lungun dutse mai siffar ƙwarya da ya fuskanci kudu, zafi in ya shiga ba ya samun ƙofar fita. Saboda haka suka sa wa wurin suna Enfer, wato Jahannama, hukuma kuma ta amince da sunan a 1972 ba tare da neman a sassauta ba. Irinsu Petit Rouge ne, wanda ya fi kowane baƙin inabi na asalin wurin yaɗuwa, shi ne kuma ginshiƙin giyar Torrette. Idan ɗan wannan gari ya ce mahaifinsa ya bar masa fili a can, taya shi murna ya dace, ba jaje ba.

A 1985 aka tattara waɗannan gidaje da sauransu, irin su Chambave da Nus da Arnad-Montjovet, ƙarƙashin shaidar asali guda mai sunan yankin. Tattarawar ba ta shafe bambancin gaɓoɓin ba.

Babi na Huɗu: Mas'alolin Kan Iyaka

Mas'ala ta farko. Mutum ya rasu ya bar gona wadda layin mita 500 ya ratsa tsakiyarta, gangararta kashi 20 ce, ba ta da dakali. Ya bar 'ya'ya biyu. Wanda ya sami ɓarin sama jarumi ne, wanda ya sami na ƙasa manomi ne. Ya kamata masu rabo su lissafa wannan a cikin ƙima, su ƙara wa na ƙasa wani abu, ko da tsohuwar ganga ce, domin kada ya fita ba gona mai daraja ba suna. Wannan ba mas'alar zato ba ce, domin gonakin yankin ƙanana ne ainun saboda rabon gado, shi ya sa da yawa suke kai amfaninsu ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa, irin wadda aka kafa a Morgex a 1983.

Mas'ala ta biyu. Birnin Aosta kansa yana kan mita 580 da 'yan kai. Ma'aikacin ofis ya shuka kuranga ɗaya a tukunya, ya ajiye ta a barandar bene. Shin ya shiga? Amsa: bai shiga ba, domin tukunya ba gona ba ce, baranda kuma shimfiɗaɗɗen tudu ce a hukumance. Amma ba a hana matarsa ta yaba masa ba.

Mas'ala ta uku. A Chambave ana tsinke inabin Muscat, a shanya shi a inuwa mai iska har ya yanƙwane ya kusa zama zabibi, sannan a matse. Wannan shi ake kira flétri. Tambaya: da ruwan ya ragu, jarumtar ta ragu tare da shi? Amsa: ruwa ne yake tashi ya bi iska, jarumta ba ta da tururi. Saboda haka taruwa take yi kamar yadda zaƙi yake taruwa, ƙwaya guda ta ɗauki rabon biyu.

Mas'ala ta huɗu. Ƙungiyar Morgex tana da rumbun ajiya a tashar Pavillon ta motar igiya mai hawa Mont Blanc, a kan mita 2,173, inda ake tsumar da wasu kwalabe masu kumfa. Shin kwalbar da ta kai can ta fi manomin da ya tsaya a 1,200? Amsa: a'a. Tsayin da ake lissafawa shi ne wanda aka sha rana a cikinsa ana aiki. Kwalba fasinja ce, fasinja kuwa ba shi da rabo a ladan direba.

Mas'ala ta biyar. Akwai inabin da ake bari a jikin kuranga har hunturu, a tsinke shi a daskare cikin sanyin dare. Wanda ya yi wannan a Morgex ya haɗa rarrafe da duhu da ƙanƙara. Doka ba ta tanadi daraja ta biyu ba, don haka jarumi ne kawai, daidai da wanda ya zarce mita 500 da taƙi ɗaya. Mun rubuta wannan ne domin a san iyakar doka, ba domin a tayar da husuma ba.

Babi na Biyar: Wane ne Ainihin Jarumin?

Hankali ya kasa wannan magana ra'ayi uku.

Ra'ayi na farko ya ce manomi ne, hujjarsa ita ce shi yake haki. An yi masa raddi da cewa, in haka ne, ranar da ya sauka birnin Turin cin kasuwa, ya faɗo ƙasa da mita 300, sai jarumtarsa ta warware a hanya, ya sake ɗaura ta da ya dawo. Wannan kuwa zai jawo wa iyalinsa ruɗani game da irin tarbar da za su yi masa.

Ra'ayi na biyu ya ce kurangar ce, domin ita take kwana a waje duk hunturu alhali manomi yana gefen murhu. An yi masa raddi da cewa jarumta tana bukatar niyya, kuranga kuwa ba a shawarce ta ba aka kai ta can. Wanda aka ɗaura a bakin daga ba a ce ya tsaya ba.

Ra'ayi na uku ya ce ƙasar ce, hujjarsa kuma mai ƙarfi ce, domin sharuɗɗan nan huɗu duk siffofin ƙasa ne, doka ma gonar ta siffanta, ba ta ambaci mai ita ba. A bisa wannan, jarumta tana sayuwa, tana gaduwa, ana kuma iya ba da ita haya.

Sai dai tarihi ya kawo wa ra'ayi na uku cikas. A ƙarni na 19 gonakin inabin kwarin sun kai kimanin hekta 3,000. Sai cututtukan inabi da filoksera suka shigo, jirgin ƙasa ya iso Aosta a 1886 yana kawo giya mai araha daga filayen kudu, samari kuma suka tafi masana'antu da ƙasashen waje. Yau abin da ake nomawa ɗaruruwan hekta ne kawai. Dakalan da aka bari suna nan, tsayinsu bai ragu da taƙi ba, gangararsu tana nan yadda take, daji ya rufe su, ba kuwa wanda ya taɓa kiran ƙaya jaruma.

Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne, ƙasa ce take riƙe da jarumta, amma a rufe, ba ta bayyana sai an taka ta. Ƙasa rukuni ce, gwiwa sharaɗi ce, kuranga kuwa shaida. In shaidar ta faɗi, sauran biyun sun zama shimfiɗar ƙasa da ciwon ƙafa.

Babi na Shida: Shubuhohi da Amsoshinsu

Idan mai cewa ya ce: yaya wanda bai taɓa kurɓa ba zai yi hukunci a kan wannan fanni? Sai mu ce: masanin taurari bai lashi ko ɗaya ba, kuma ba a ƙi lissafinsa ba. Bugu da ƙari, mai kurɓa shi ne mafi rashin cancantar auna gangara, domin bayan ɗan lokaci kowace ƙasa karkatacciya ce a wurinsa.

Idan ya ce: shin jarumtar tana kaiwa cikin kofi? Sai mu ce: abin da masana suka tabbatar shi ne, zafin rana da sanyin dare na kan tudu suna sa inabi ya riƙe tsaminsa da ƙamshinsa. Wannan aikin yanayi ne. Ita jarumtar kanta ba ta bayyana a harshe, a farashi take bayyana, domin aikin da injin yake gamawa a fili cikin wuni, a jikin dutse hannu ne yake yinsa ƙwaya-ƙwaya.

Idan ya ce: a wasu gonakin dutse an kafa ɗan keken inji mai bin ƙarfe guda, yana hawa da kaya yana saukowa da su, wannan bai ɓata jarumta ba? Sai mu ce: da ka ga yadda abin yake hawa, mutum a zaune a kansa ya rungume ƙarfe, gari yana ƙanƙancewa a bayansa, da ba ka yi tambayar ba. Keken ya ɗauke wahalar cinya ya mayar da ita zuciya, jimla kuwa ba ta canja ba.

Idan ya ce: a watan Mayu na 1800, sojoji 'yan ɗaruruwa a ganuwar Bard, kusa da Donnas, sun tsayar da rundunar Napoleon kimanin mako biyu, su fa? Sai mu ce: ganuwar tana kan dutse mai tsananin gangara, don haka sharaɗi na biyu ya cika a kansu. Amma ba a ruwaito sun shuka komai a wannan mako biyu ba, saboda haka takardarsu ba ta wannan ofishi ba ce.

Kammalawa

Saura mas'ala guda, wadda ɗalibai suka fi yawan tambaya. Mutum yana da gona a mita 499, gangararta kashi 29, ba dakali, ba teku. Shekara da shekaru yana kallon maƙwabcinsa na sama ana girmama shi. Sai ya yi azama, ya riƙa ɗauko ƙasa a kwando daga bakin kogi yana zubawa, domin ya ɗaga gonar da mita ɗaya da ɗan ƙari. Shin wannan dabara ta halatta?

Amsa tana da fuska biyu. Idan ya zuba ƙasar ya bar ta haka, ruwan farko zai mayar da ita kogi, ya koma 499, kuma ba a lissafa masa kwanakin da ya yi a sama ba. Idan kuwa ya ji tsoron haka, ya jera duwatsu ya yi bango ya tare ta, to ya gina dakali, ya shiga ta sharaɗi na uku tun kafin a zo awo, kuma mitar da ya sha wuya dominta ta zama nafila. Shawararmu ga irinsa ita ce ya fara da bangon, ya sallami mai safiyo, ya adana kuɗin awon domin man shafa na gwiwa.

Tammat.